Gazuwal ko Isansi, Baba?

Sunana Kailu Maigari. Na yi aiki a ma'aikatar kiwo har kaina ya yi fari, ina bin shanu da allura daga Filinge zuwa Damana, sannan na ajiye aiki na dawo gida na zauna. Ina da farmi, wato lasisin tuƙi, tun ina saurayi, kuma lokaci-lokaci nakan riƙa motar ma'aikata idan direba ba shi da lafiya, amma ban taɓa mallakar tawa ba. Abin da na mallaka shi ne ra'ayi a kan motocin mutane, kuma wannan ina da shi buhu-buhu.

Wanda ya fi shan wannan ra'ayi shi ne Ɗandije, ɗan gwaggona. Taubashina ne, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba a gaban jama'a. Ɗan kasuwa ne, yana da wata tsohuwar bashe, motar a-kori-kura mai shan isansi, wato fetur, wadda yake loda wa gero da wake yana bin kasuwanni da ita, yau Bonkuku, gobe Tabla. Kullum bayan la'asar nakan je in zauna a bencin ƙofar shagonsa in yi masa bayanin abin da ke damun motarsa.

"Isansi ba mai ba ne, shayi ne," nakan ce masa. "Motar ƙarfi gazuwal take sha, man dizal. Dubi manyan motocin da ke hawa Agadas. Ka taɓa jin ɗaya na shan isansi?"

"Bawana," in ji shi, kamar yadda taubasai ke tsokanar juna, "tawa dai tana tashi da sahe ta dawo da marece. Taka hwa, ina ka ajiye ta?"

Nan sai in canza zance.

Wata rana ɗana Abdulgafar ya kira ni daga Amurka. Ya daɗe can, yana aikin jan motoci da suka lalace a hanya. Bayan mun gaisa sai ya ce yana son ya aiko mini da mota, ba sabuwa ba, amma mai lafiya, irin manyan bashe na can.

"Akwai guda biyu a hannuna," ya ce. "Jikinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Gazuwal ko isansi, Baba?"

Na buɗe baki zan amsa, sai ya ce in dakata in ji. Ya yi mini bayani a tsanake, kamar yadda nake yi wa makiyaya in zan yi wa saniya allura. Idan zirga-zirgar cikin gari ce, masallaci, kasuwa, gaisuwar jana'iza, to ta isansi ta fi sauƙin hali. Tana tashi nan take, gyaranta ba wuya, kowane makanike ya san cikinta, kuma ba ta tsangwamar mai. Ta gazuwal kuwa jaka ce mai ƙarfin gaske, tana jan kaya masu nauyi ba ta haki, kuma a doguwar hanya ba ta shan mai da yawa. Sai dai ba ta son gajeriyar tafiya, kuma ba ta yarda da mai gurɓatacce.

"To me za ka riƙa ja, Baba?"

"Mi ne ne ba zan ja ba?" na ce.

Matata Sa'adiyya na tsakar gida tana tankaɗe, kuma na sa wayar a babbar murya don maƙwabta su ji daga ina ake kirana. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, tun da na zo gidan ga, in ban da carbi da gardama ban taɓa ganin ka ja komi ba."

Abdulgafar ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ni kuwa na ce masa ya ba ni lokaci in yi nazari. Na yi kwanaki ina nazarin, ina kallon hotunan motocin biyu a waya, ina tambayar direbobi a tasha. Duk wanda ya ce isansi sai in gano bai san mota ba. A gaskiya na riga na yanke tun kafin yaron ya rufe baki. Shekara da shekaru ina zagin isansi a ƙofar shagon Ɗandije, ta yaya zan iso wurin a cikin motar isansi?

Motar ta daɗe a hanya. Ta sauka Lome, ta bi ayari har Yamai, daga nan wani direba ya kawo ta Filinge. Ranar da ta iso, unguwarmu ta fito. Fara ce, doguwa, mai ƙofa huɗu, hancinta ya kai ƙirjina. Da anka tashe ta sai ƙasa ta riƙa rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ɗandije ya zagaya ta sau ɗaya, hannu a baya, ya ce, "Masha Allah. Ina za ta kwana?"

Nan matsala ta farko ta fito. Ba ta shiga ƙofar gidana. Na kira magini ya fasa katanga ya faɗaɗa, amma icen dogonyaro na gefe ɗaya kuma rumbun Sa'adiyya na ɗaya gefen, ba wanda ta yarda a taɓa. A ƙarshe motar ta riƙa shiga, amma sai an naɗe madubanta biyu sun manne da jiki. Hawanta ma aiki ne. Gwiwata ba ta kai matakin, sai da Sa'adiyya ta ba ni aron kujerar da take zama a kai wurin tuƙin tuwo. Kullum in zan fita, in taka kujera in hau, ita kuma ta zo ta ɗauke abinta.

Na fara fita da ita kowace rana. In je sayen nama, in je masallacin Juma'a, in je shagon Ɗandije. Kafin injin ya yi ɗumi na iso inda za ni. A masallaci kuwa babu wurin da zai ɗauke ta, sai can bayan makaranta, kuma daga bayan makaranta zuwa masallaci ya fi nisan gidana zuwa masallaci. Na lura da haka tun Juma'ar farko. Ban fasa ba.

Bayan 'yan watanni wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, da rubutu a ƙarƙashinta cikin Ingilishi. Ni Faransanci na karanta a lakwal, makarantar boko, don haka na ɗauka gaisuwa ce. Sai motar ta fara nauyi. In taka ta, ta yi gurnani, ta tafi kamar mai ciwon baya. Wata rana Ɗandije ya wuce ni a gaban tasha da buhunan wake har sama, ya leƙo ta taga ya tambaye ni ko in ɗaure igiya ya ja ni.

Na ɗauki hoton rubutun na aika wa Abdulgafar.

"Ta shaƙe ne, Baba," ya ce. "Hayaƙi ya taru a cikinta. Irin wannan ba don sayen nama aka ƙera ta ba. Sai ta yi doguwar tafiya da kaya a bayanta, ta yi zafi sosai, sannan ta ƙone abin da ya toshe ta. Ai na gaya maka."

"Ka gaya mini," na ce, "amma ba ka nanata ba."

Daga ranar na shiga neman abin ja. Na sa wani mai walda ya gyara mini ƙarfen bayan motar ya dace da irin amalanken ƙarfe na nan, mai zobe da ake zura wa fegi. Na riƙa zagaya gari ina leƙen ko wata mota ta mutu. Kamar an yi shawara, a wannan lokaci babu motar da ta mutu a Filinge. Ba zan ce na yi addu'a bashen Ɗandije ta lalace ba, amma in na ji ta tashi da safe lafiya lau nakan ji wani abu a raina.

Ana haka bazara ta kankama. Sai saƙo ya zo daga Tudun Aduwa, ƙauyen kakanninmu a cikin Kurfai, cewa famfon garin ya lalace, rijiya kuma ta ja baya, mata na kwana a bakinta suna kwalfar laka. Wadda ta aiko saƙon ita ce Gwaggo Tanne, ƙanwar mahaifina, uwar Ɗandije. Ta tsufa ƙwarai amma ta ƙi dawowa gari. Ita ke riƙe da al'adar gidanmu ta da, mutane na zuwa wurinta daga nesa in iska ta taɓa wani nasu. Ni da Ɗandije mun yi furfura, mun yi jikoki, amma har yau in ta dube mu sai mu gyara zama.

Ɗandije ya ce zai cika jarkoki ya riƙa kaiwa, sawu bayan sawu. Na ce wannan wasan yara ne. Na san wata ƙungiyar makiyaya tun ina aiki, suna da babban tanki a kan tayoyi da ke ajiye babu abin jansa. Na je na roƙa, sunka ba ni aro.

"Sawu ɗaya," na ce wa Ɗandije. "Ka biyo ni a baya da jarkokinka, ka ga yadda ake aiki."

Da safe na naɗe madubai na fito da motar. Mun loda buhunan dussa a bayanta saboda dabbobin Gwaggo, sun yi tsiri har sun rufe gilashin baya. Sa'adiyya ta ce za ta bi ni ta gaida tsohuwa. Ta taka kujera ta hau, na taka na hau, maƙwabciya ta ɗauke kujerar.

A wurin famfon gari an riga an cika tankin, ruwa na ɗiga daga murfinsa. Mutane sun taru. Sunka yi ta yi mini ishara da hannu har na kawo bayan motar daidai zoben. Na sauko da kaina na zura fegin, wani ƙarfe mai kaurin tsintsiyar hannu. A ƙasan fegin akwai ɗan rami da ake sa waya don kada ya yi tsalle ya fita. Na gan shi. Amma a daidai lokacin wani ya tambaye ni ƙarfin motar, sai na miƙe na fara bayani.

Ɗandije ya zo da wata sarƙa a hannu.

"Bawana, ƙara wagga. Hanyar na da gargada."

"Sarƙa ta masu isansi ce," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ku ke tsoron kaya. Riƙe abarka."

Jama'a sunka yi dariya, na ji daɗi, munka kama hanya.

Ina so in faɗi gaskiya a kan motar nan, don ba ta da laifi a abin da ya biyo baya. Tun da munka hau kwalta na ji ta canza. Gurnaninta ya sauka ƙasa, ya yi kauri, ta riƙa tafiya kamar bijimin da anka daɗe ana tsare da shi a turke. Munka bar kwalta munka shiga jar hanya, daga nan munka gangara wani ƙori, busasshen rafi mai yashi, wanda ko motar da ba ta ɗauke da komai sai ta yi da gaske. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, bakina na motsi. Motar ta sa ƙafa cikin yashin, ta nutsa kaɗan, ta yi wani numfashi, sai ta ja tankin nan cike da ruwa ta haye da shi ba tare da ta ɗaga murya ba. Da munka hau tudu na duba gaban sitiyari, fitilar nan ruwan ɗorawa ta mutu.

Wallahi sai da idona ya yi ruwa. Na tuna yaron nan can cikin sanyin ƙasar mutane yana kwanciya ƙarƙashin motoci don ubansa ya hau wannan. Na ce, "Sa'adiyya, kin gani?"

"Na gani, Malam. Allah shi yi mishi albarka."

Da a nan labarin ya tsaya da na fi kowa son ba da shi.

Bayan ƙorin hanyar ta zama gargada, irin mai kaɗa haƙora. Ni kuwa farin ciki ya sa na ƙara wuta. Mun wuce wata 'yar tunga mai bukkoki kaɗan a hannun dama, sai munka faɗa wani rami munka fito. Wani abu ya yi ƙara a baya, ƙarfe a kan ƙarfe.

"Malam, na ji wani abu."

"Injin ne ke canza numfashi."

"Daga baya na ji shi."

"Sa'adiyya, motar gazuwal ba kamar sauran ba ce. Ƙararta na fita ta ko'ina."

Sai kuma motar ta ƙara sauƙi. Ta yi wani irin sakin jiki, ta miƙe kamar barewa. Na buga sitiyari da tafin hannu.

"Kin ji? Wanga shi ne abin da nake gaya wa Ɗandije shekara da shekaru. In ta yi zahi, ko kaya ba ka ji. Rantse, kin ji kamar muna jan wani abu?"

"Ban ji ba," ta ce. Ta waiga, ba ta ga komai ba sai buhunan dussa. Ta dubi madubin gefenta, yana manne da ƙofa yana nuna mata fuskarta. "Ko ka tsaya mu duba?"

"A tsaya a yashi da tanki cike? Ke dai ki bar tuƙi ga masu shi."

Wayata ta fara ruri. Ɗandije ne. Na nuna mata sunan ina murmushi.

"Ya kahe a ƙori. Bari shi ɗan ji a jikinshi, in mun sauke ruwa in dawo in hidda shi."

Ya sake kira, ya sake kira. Na kife wayar. Sauran hanyar duk na cika ta da bayani a kan bambancin ƙarfin ja da ƙarfin gudu, Sa'adiyya na kallon taga tana cewa "to."

Tun daga nesa na fara danna oda. Kafin mu kai tsakiyar Tudun Aduwa mata sun fito da bokitai da tuluna da robobi, wata ta rangaɗa guɗa, sauran sunka amsa. Gwaggo Tanne na zaune a tabarma ƙarƙashin aduwar ƙofar gidanta, sandarta a gefe. Na tsaya daidai gabanta. Na diro ba kujera, gwiwata ta amsa amma ban nuna ba. Na gyara hula, na durƙusa na gaishe ta, sannan na miƙa hannu baya ba tare da na waiga ba.

"Gwaggo, ga ruwa na kawo muku."

Guɗar ta tsaya. Ba a hankali ba, tsayawa ɗaya. Gwaggo ta karkata kai ta dubi bayan motar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta dawo da idonta kaina.

"Kailu," ta ce, "na tsuhwa ina hulɗa da abin da ido bai gani. Amma wanga ruwa naka ya hi ƙarhina."

Na waiga. Babu tanki. Babu fegi. Ƙarfen da mai walda ya yi mini na nan yana sheƙi a rana, ba komai a bakinsa. Na zagaya motar har gaba, ban san me nake nema a can ba. Na leƙa ƙarƙashinta ma. Wata mata mai tulu a ka ta tambayi ta kusa da ita, a hankali amma na ji, ko ruwan na cikin buhunan ne.

Sa'adiyya ta sauko, ta gaida Gwaggo, ta sa anka sauke dussa. Ta zo ta gefena ta buɗe madubin, ta zagaya ta buɗe ɗayan, ta koma ta zauna a tabarma.

Na juya ni kaɗai. Tafiyar komawa ta fi ta zuwa tsawo. Ina tafe ina hango tankin a raina ya kife, ya fashe, ko ya bi ta kan akuyar wani, ko abin da ya fi akuya. Na yi salati ya fi a ƙirga.

A daidai 'yar tungar nan na same shi. Allah ya taƙaita, bai kife ba. Ya gangara gefen hanya ya soke hancinsa a yashi, dab da bukkar farko, kamar wanda anka ajiye da niyya. Mata da 'yan mata sun yi layi a bakin famfonsa, wasu na ɗiba, wasu na shayar da awaki a kwano. Bashen Ɗandije na gabansa, murfin injin a buɗe yana huci, shi kuma yana zaune a inuwa ana ba shi fura.

Kafin in sauko wani dattijo mai farin gemu ya iso ya kama hannuna da nasa biyu. Shi ne Ibrah, mai tungar.

"Kai ne Malam Kailu? Ɗan'uwanka ya gaya muna. Ya ce tun jiya kake cewa mutanen Ibrah na shan wuya, sai ka ajiye musu ruwa kahin ka wuce. Ko tsayawa ba ka yi ba don kada a gode maka. Irinku sun yi kaɗan, Malam."

Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, doguwa, ya haɗa da iyayena da zuriyata. Mata na amsawa da amin. Na dubi Ɗandije ta saman kafaɗar dattijon. Ya sa ludayi a baki, idonsa na rawa. Na shafa addu'ar. Me zan yi? Rijiyarsu ta ƙafe tun kafin ta Tudun Aduwa, kuma babu wanda ya aika musu da komai, don ba su da wanda za su aika wa saƙo a gari.

Da Ibrah ya matsa, na je na tsuguna kusa da Ɗandije.

"Na kira ka," ya ce.

"Ba rezo. Waya ba ta kamawa can."

"Awo, ba rezo. Na iske shi nan, na ɗaura sarƙa na gwada ja. Tawa ta tona rami, ta tafasa, ko motsi bai yi ba. Wanga kam na ba ka, ban san yadda taka ta haye ƙori da shi ba. To ga mutane tsaye suna kallon ruwa, ga ni ina son a rage nauyi. Sai na buɗe musu."

"Da sunana."

"To da sunan wa? Ni ban yar da tanki ba."

Na ce ya kwance sarƙarsa in ɗaura. Ya ce a'a, an sha fiye da rabi, yanzu daidai ƙarfin tasa ne, kuma fegina Allah kaɗai ya san inda ya faɗa. Maza sunka taru sunka ɗaga hancin tankin, Ɗandije ya zuba wa injinsa ruwa, ya tayar. Bashen ta yi kuka, ta yi rawa, ta ja. Ibrah ya kawo mini zakara ɗaure da ƙafa, ya ajiye a kujerar gaba, inda Sa'adiyya ta tashi. Haka munka shiga Tudun Aduwa, tsohuwar motar isansi a gaba da tanki, ni a baya da zakara. Matan sunka sake guɗa, wannan karon sun jira sai da sunka ga ruwa ya zuba a bokiti.

Gwaggo ta sa mana albarka mu biyu, ta ce ɗaya ya kawo ruwa, ɗaya ya kawo labari, kuma garin na buƙatar duka. Sannan ta ce abin da ya rage a tankin ba zai kai su gobe ba.

Ranar ban huta ba. Na koma Filinge da tankin, na sayi sabon fegi, na sa masa waya na murɗe da filaya, na karɓi sarƙar Ɗandije ba tare da mun haɗa ido ba. Na cika na dawo kafin rana ta faɗi. Kowane ɗan lokaci ina duban madubi, har wuyana ya ƙage.

Da na zo wucewa ta tungar Ibrah, sai na ga mata sun fito bakin hanya da bokitai suna ɗaga mini hannu. Na tsaya. Tun daga ranar aikin ya zama na gari biyu. Har anka gyara famfon Tudun Aduwa ban daina ba, don na tungar ba su da famfon da za a gyara, sai da ruwan sama ya sauka tabkuna sunka cika. Na rame, na yi baƙi, bayana ya riƙa ciwo, kuma ban taɓa jin daɗin wata bazara kamar wannan ba. Motar ma haka, ko tari ba ta yi ba.

Yanzu tana fita ne in akwai abin ja. Da kaka nakan ja wa mutane injin sussuka daga ƙauye zuwa ƙauye, wani lokaci motar da ta mutu a hanyar Damana. Sauran kwanaki tana kwance a gida, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Masallaci da ƙafa nake zuwa. In tafiya ce ta gaisuwa ko kasuwa, Ɗandije ke biyowa ya ɗauke ni. Gardamarmu ba ta mutu ba. Ni ina cewa gazuwal ce ta haye ƙori, shi yana cewa isansi ce ta kai ruwa, masu sauraro kuma sun gaji da mu.

Kwanan baya muna dawowa daga wata ta'aziyya a bashensa, ya ɗauki fasinjoji a hanya. Wata mata mai goyo ta zauna kusa da ni a gaba. Da munka doshi tungar Ibrah sai ta ce, "Mai mota, a sauke ni Tankin Kailu."

Ɗandije ya rage wuta a hankali, ya tambaye ta, kamar bai sani ba, me ya sa ake kiran wurin haka.

"Wani tsoho ne na Filinge," ta ce. "Shekarar da rijiyoyi sunka ƙahe, tun ba a kawo ni aure nan ba, shi ya riƙa kawo musu ruwa. Mutumin kirki ne ƙwarai. Sai dai an ce kurma ne, kuma bai gani sosai."

Ta juyo gare ni tana gyara goyo. "Baba, kai ɗan Filinge ne, ko ka san shi?"

"Na san shi," na ce. "Ana ƙara gishiri. Idonshi lahiya lau."

Ta sauka, na miƙa mata ƙullin kayanta ta taga, munka wuce.